Oba-oba a Kwarin Ya Kaka

Mardiya ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko a aji, ƙafarta na ta kaɗawa ƙarƙashin tebur. In Inna ta aike ta, kafin a gama faɗa mata abin da za ta sayo har ta kai ƙofar gida.

A kwalejinsu na Gure akwai wani malamin kimiyya, Mushe Jibirilla, wato Malam Jibirilla da Faransanci. Shi ya buɗe wa yara kulob ɗin rediyo. Ya kafa doguwar antan a kan rufin aji, ƙarfen nan mai kamo murya daga nesa. Yana kuma da ƙananan rediyoyin hannu da ake magana da su ko babu rezo, wato sabis ɗin waya. Yara na ce musu oba-oba.

Ranar da ya fara koya musu, Mardiya ce a gaba.

"Ki danna buton, wannan maɓallin, ki yi magana, ki saki," in ji Mushe. "Sannan kuma..."

"Na gane, Mushe."

"Ai ban gama ba."

"Har wanda ba ka gama ba na gane."

Aji ya kwashe da dariya. Mushe ya girgiza kai kawai.

Da hutu ya zo, Mardiya ta zo da wata dabara. Kakarta, Ya Kaka, ba ta zama cikin gari. Tana can kwari, wani faffaɗan rami tsakanin tuddan yashi, inda take da dabino da rogo da ƴar rijiya. Can babu rezo ko kaɗan. Shi ya sa kullum in Baba ya rufe kanti sai ya hau moto, wato babur, ya je ya dubo ta. Sau da yawa yashi na kayar da shi. Yakan dawo a gajiye, gwiwa a kurje.

"Baba, ni zan je in zauna da ita," in ji Mardiya. "Oba-oba ɗaya a wajena, ɗaya a kantinka. In da wani abu, sai in kira."

Mushe ya yarda ya ara musu biyu. Ya sa su duka a kanal na uku, wato tasha ta uku. Ya ce shi ma babban rediyonsa yana kan wannan kanal ɗin, don ko a hutu yana zuwa lakwal, wato makarantar, ban ruwan itatuwa.

"Amma Mardiya, ki gwada ta a inda za ki zauna. Ba a hanya ba. Kin ji?"

"Na ji, Mushe."

Ta riga ta sa ƙafa ɗaya waje.

Wani maƙwabcin Ya Kaka ya ɗauke ta a amalankensa. Tafiya ta yi mata tsawo. Jakin ba ya sauri, rana kuma na duka. Da suka hau tudun ƙarshe, ta hango kawunan dabino can ƙasa, kore shar. Ta kasa haƙuri. Ta miƙe tsaye a kan amalanke ta danna buton.

"Baba! Baba! Kana ji na?"

"Ikon Allah!" Muryar Baba ta fito tas, kamar yana gefenta. "Ina jin ki. Daga ina?"

"Daga kwari!"

"Cikin kwarin kike?"

Ta dubi ƙasa. Ga dabinon nan, ga bukkar Ya Kaka. Ai sauka kawai ta rage.

"E mana, Baba."

"Alhamdu lillahi. To ba sai na zo ba yau. Gobe ma kasuwa ce. Ki kashe ta don batir. In da wani abu ki kira, tawa a kunne take."

Ta kashe ta, ta jefa cikin jaka.

Ya Kaka ta tarbe ta da dabino a faifai. Tsohuwa ce ƴar siririya, hannunta cike da awarwaron azurfa.

"Wushe, sannu da zuwa, Sarauniyar Gaggawa. Mene ne wannan baƙin abu mai wutsiya?"

"Rediyo ne, Ya Kaka. Da shi ake magana da Baba."

"To kira mini shi in tambaye shi goron da ya yi mini alkawari."

"Sai gobe. Ana tattalin batir."

Gaskiya ba batir ba ne. Dabinon ne ya yi mata daɗi.

Kashegari tun da safe mutanen kwari suka ɗaure kaya suka nufi kasuwar Gure. Jakuna duk suka tafi, amalanke ma ya tafi. Wurin ya yi tsit, sai kukan kurciya. Ya rage Mardiya da Ya Kaka.

Rana ta kusa tsaka. Mardiya na jan ruwa a rijiya. Ya Kaka ta je ɗauko busassun ganyen dabino da aka tara gefen rogo, za ta hura wuta. Ta cusa hannu ƙarƙashin tarin.

"Wayyo Allah!"

Mardiya ta saki guga. Ta zo da gudu. Ta ga wani ɗan gajeren maciji mai launin yashi yana sulalewa cikin rogo.

"Kububuwa ce," in ji Ya Kaka. Ta zauna a ƙasa, ta riƙe hannunta na dama. Jini na tsattsafowa daga bayan hannun. "Ɗauko abin naki mai wutsiya."

Mardiya ta faɗa bukka. Ta zazzage jaka a ƙasa. Ta ɗauko rediyon ta kunna.

"Baba! Baba! Maciji ya sari Ya Kaka! Baba!"

Ta kara kunne. Ba ta ji komai ba sai "shhhhh".

Ta sake kira, da ƙarfi wannan karon. Shhhhh.

Ta ƙure murya. Ta girgiza rediyon. Ta buga shi a tafin hannu. Ta cire batir, ta hura, ta mayar. Ta fito waje ta kira, ta koma ciki ta kira. Ko kanal ɗin ne ya lalace? Ta kama maɓallin kanal ta yi ta murɗawa, tana ihu a kowanne. Shiru.

"Me ya ce?" Ya Kaka ta tambaya.

"Bai... bai amsa ba tukuna."

"Ba jiya kin ce da shi ake magana da babanki ba?"

Mardiya ta durƙusa kusa da ita. Hannun Ya Kaka ya fara kumbura, yatsun sun yi suntum.

"To bar shi. Ɗauko reza a cikin kwalla ki tsaga wurin, jinin ya fita."

"Ya Kaka, ba zan iya ba. Ban san ko daidai ba ne."

"Ke da kika san komai?"

Ko yanzu tsohuwar tsokana take yi. Amma muryarta ta yi ƙasa, zufa na bin goshinta.

Mardiya ta duba hagu, ta duba dama. Ba mutum, ba jaki. Baba kuma ba zai zo ba. Ita da bakinta ta sa ya zauna.

"Zan tafi gari da ƙafa."

"A wannan ranar? Sai a ɗauko mutum biyu maimakon ɗaya."

"Ki zauna nan cikin inuwa. Yanzu zan dawo."

Ta rataya oba-oba a wuya, ba ta ma tuna ta kashe ba. Ta kama hawan tudu.

Yashin kamar an soya shi. In ta taka sai ƙafar ta nutse, ta zame baya. Igiyar takalminta ɗaya ta tsinke. Ta bar shi nan. Tafin ƙafarta na ƙuna, tana hawa tana kuka, tana kama yashi da hannu.

Ta wuce rabin tudun ke nan sai rediyon ya yi ƙara a ƙirjinta.

"Krrr... taya ta fashe... krrr... ku kawo..."

Ta tsaya cak.

Muryar wani namiji ce, ba ta san shi ba. Kamar direban babbar mota. Amma murya ce! Tun ɗazu ba ta ji komai ba sai shhhhh.

Ta zame ƙasa kaɗan. Muryar ta ɓace. Ta ƙara hawa. Muryar ta dawo, har ta fi ta ɗazu fitowa.

Mardiya ta juya ta dubi kwarin. Yashi ta gabas, yashi ta yamma, yashi ko'ina, kamar bangon ƙwarya. Ashe rediyon lafiyarsa lau. Tuddan ne suka tare muryar. Jiya a sama ta kira. Yau a cikin rami take ta ihu.

Ta ƙarasa saman tudun da rarrafe. Can nesa ta hango gari, dishi-dishi. Ta dubi rediyon. Yana kan wani kanal daban, wanda ta kai shi da murɗe-murɗenta. Ta mayar da shi na uku.

"Baba! Baba, ka amsa! Baba, don Allah! Mardiya ce! Baba!"

Ta yi ta kira ba numfashi. Tana zagaye saman tudun, tana ɗaga ƙafa saboda zafi. Ta san yadda kantin yake ranar kasuwa. Mutane cunkus, kowa na ciniki da ƙarfi. Wa zai ji ɗan ƙaramin rediyo?

Zufa ta jiƙa hannunta. Babban yatsanta ya zame daga kan buton.

"...ki saki! Mardiya, ki saki buton ɗin!"

Saura kaɗan ta yar da shi. Mushe Jibirilla ne.

"Mushe! Mushe, maciji, Ya Kaka, hannunta, babu kowa, Baba ba ya..."

"Tun ɗazu nake amsa miki. In kin danne, ba ki jin kowa. Yanzu ma muryarki na yankewa. Tafiya kike yi?"

"Zagaye nake."

"Tsaya wuri ɗaya. Ki fuskanci gari. Antan ɗinki ta kalli sama, kar ki kwantar da ita. Kuma ki daina ihu a cikinta. Faɗa mini a hankali."

Ta taka ƙafarta mai ƙuna a kan ɗayan takalmin. Ta tsayar da rediyon. Ta ja numfashi.

"Kububuwa ta sari Ya Kaka. A hannun dama. Ya kumbura. Mu kaɗai ne a kwari. Ni ina saman tudu."

Ta saki.

"Yanzu na ji ki sarai. Zan kira babanki a waya, in kira majo, babban jami'in jinya na gidan likita. Ki tsaya nan. Kar ki danna. Kar ki sauka. Ki jira ni."

Rediyon ya koma shhhhh.

Mardiya ba ta taɓa yin abu mai wuya kamar wannan jiran ba. Ga Ya Kaka can ƙasa, ƴar mitsitsiya a gindin dabino. Tana motsi kuwa? Ba ta iya gani. Yatsanta na ta komawa kan buton da kansa. Ko Mushe ya manta da ita? Ko wayar Baba na cikin aljihun rigar da ya rataye? Idan ta danna daidai lokacin da Mushe ke magana fa? Ta naɗe yatsan cikin tafin hannu ta damƙe shi gam. Ta yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

"Mardiya, kina nan?"

"Ina nan, Mushe."

"Babanki ya samu kat-kat ɗin maƙwabcinsa Ɗan Kasuwa, motar nan mai shiga yashi. Sun taso. Ga saƙon majo, ki buɗe kunne. Kar a tsaga. Kar a tsotsa. Kar a ɗaure da ƙarfi. In akwai zobe ko awarwaro, a cire yanzu. Ta kwanta, hannun kuma kar ya motsa. Maimaita mini."

Da wata rana ce, da ta ce ta gane. Yau ta maimaita, ɗaya bayan ɗaya.

"Madalla. In kin sauka ba za mu ji juna ba. Kar ki tsorata. Je ki."

Ta gangara, rabi gudu rabi zamiya.

Ya Kaka na jingine da dabino, idonta a lumshe. Ta riga ta jawo kwallar reza kusa da ita.

"Suna zuwa, Ya Kaka! Baba na zuwa da mota!" Mardiya ta ture kwallar gefe. "Majo ya ce kar a tsaga. Kuma a cire awarwaro."

"Awarwaron da tun aurena ban cire ba?"

"Majo ya ce."

"Majon ne ya saya mini?"

"Ya Kaka, don Allah."

Kumburin ya kusa wuyan hannu. Awarwaron sun fara matsewa. Mardiya ta kawo man gyaɗa ta shafa. Ta so ta fizge su gaba ɗaya, amma ta ga fuskar tsohuwar. Ta bi su a hankali, tana murzawa, tana turawa kaɗan-kaɗan. Na ƙarshen ya ƙi. Ta ƙara mai. Ya Kaka ta cije leɓe. Da ƙyar ya fito.

Ta shimfiɗa mata tabarma ta kwantar da ita. Ta sa sandar dabino a ƙarƙashin hannun, ta naɗe da ɗankwalinta sako-sako don kar ya motsa. Sannan ta zauna tana yi mata fifita da faifai.

"Kaina na juyawa," in ji Ya Kaka.

"Ki yi mini magana. Kar ki yi barci. Wane dabino ne ya fi zaƙi a nan?"

"Wanda kika cinye jiya."

Mardiya ta yi dariya, hawaye na zuba.

Can sai ta ji gurnanin mota a saman tudu. Baba ya gangaro da gudu, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Shi da Ɗan Kasuwa suka ɗauki Ya Kaka a cikin tabarmar, suka hau da ita.

A gidan likita majo na jiransu. Aka shige da ita ciki, aka sa mata ruwa da allurar dafin maciji. Mardiya da Baba suka zauna waje a gindin itacen bedi. Inna ta zo, ta shafa wa Mardiya mai a tafin ƙafa, don duk ya tashi.

Bayan la'asar majo ya fito.

"Hajiya ta tsallake, in sha Allahu. Za ta kwana biyu a nan. Wa ya cire mata awarwaro?"

"Ni ce."

"Kin kyauta. Da an bar su, da hannun nan ya ba mu wahala."

Baba ya yi ta hamdala. Da majo ya koma, sai ya juyo.

"Mushe ya ce daga saman tudu kika kira. Me ya kai ki can, kika bar ta ita kaɗai?"

Mardiya ta sunkuyar da kai.

"A cikin kwarin ba ta kamawa, Baba."

"Jiya ba ta kama ba?"

"Jiya ma a sama nake. A kan amalanke. Ban sauka ba tukuna na ce maka ina ciki."

Baba ya tsura mata ido. Da ma faɗa ya yi mata, da ya fi mata sauƙi.

"Na ga kamar duk ɗaya ne," ta ce. "Mushe ya ce in gwada a inda zan zauna. Ban yi ba. Ka yafe mini."

"Maganarki na ɗauka na zauna, Mardiya. Kin ga abin da ya kusa faruwa."

"Na gani."

"Ni ma da nawa. Na ji daɗi zan huta da moto, ban ƙara bincike ba." Ya dafa kanta. "Allah Ya kiyaye gaba. Tashi ki je ki gan ta."

Da Ya Kaka ta warke, aka yi aka yi ta zauna gari, ta ƙi. Ta ce rogonta ba ya shan ruwa da waya. Don haka wata safiya Mushe Jibirilla ya bi su kwarin da doguwar gora da antan da igiyar waya. Wani mai hawan dabino ya ɗaure gorar a kan dabinon da ya fi kowane tsawo, har antan ɗin ta leƙa saman tudu. Aka jawo wayar zuwa bukka, aka haɗa da oba-oba.

Muryar Baba ta fito daga kanti. Ba ta da ƙarfi sosai, amma ana jin kowace kalma.

"To, an gama," in ji Mushe. Ya fara naɗe kayansa.

"Da saura, Mushe," in ji Mardiya. "Yanzu safiya ce. Ban san yadda za ta yi da rana tsaka ba, ko in iska ta kaɗa dabinon. Kuma Ya Kaka ba ta iya ba tukuna. In ni maciji ya sara fa?"

Mushe ya dube ta. Ya ajiye jakarsa, ya nemi wuri a inuwa ya zauna.

Sai da suka kai yamma. Ta gwada da azahar, ta gwada da iska ta taso. Ta koya wa Ya Kaka dannawa da saki, ta sake koya mata, ba ta ƙosa ba. A ƙarshe tsohuwar ta karɓi rediyon da hannunta da ya warke, ta tsayar da shi kamar yadda aka nuna mata.

"Kai, mai kanti. Uwarka ce. Ƴarka ta hana mu cin abinci tun safe. Ka zo ka ɗauki malaminta kafin yunwa ta kashe bawan Allah."

Ta saki buton. Dariyar Baba ta cika bukkar.

Mardiya ba ta daina sauri ba. Har yanzu ita ke riga kowa zuwa rijiya. Amma ta koyi abu ɗaya da ba ta sake mantawa ba. In an ba ka aikin da wani zai dogara da shi, ka saurari bayani har ƙarshe, ka gwada shi a inda za a yi amfani da shi. Kuma kar ka ce ka yi abu sai ka yi shi da gaske.